Tafiyar ayari daga Accra zuwa Elmina a kan keke mai sirdi biyu

Mai tambaya, daga Nima:

Assalamu alaikum. Mu matasan unguwar Nima ne a birnin Accra na ƙasar Ghana da ke haɗuwa muna tuƙa keke, kuma mun yi niyyar bin hanyar gaɓar teku daga Accra zuwa Cape Coast, tafiyar kusan kilomita 150, mu ƙarasa Elmina domin ganin katafaren ginin tsaron da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ƙanena yana da larurar gani, kuma ba na son a bar shi a gida, shi ya sa muka aro keke mai sirdi biyu, ni a gaba shi a baya. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan keke da wannan hanya.

Mai gyaran keke, daga Sabon Zango:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ɗan'uwanka. Ka sani cewa fedojin gaba da na baya sarƙa ɗaya ce ta haɗa su, saboda haka duk lokacin da ka daina juya ƙafa ba tare da ka faɗa ba, za ka fizgi ƙafarsa. Dole bakinka ya zama idonsa: ka sanar da shi kafin rami, kafin kwana, kafin ka canza giya, da kuma kafin ka ja birki, domin wanda ke baya shi ne ke shan dukan sirdi idan taya ta faɗa rami bai shirya ba. Wajen tashi, ka kafa ƙafafunka biyu a ƙasa ka riƙe birki, ya hau ya ɗora nasa ƙafafun a feda, sannan ku tashi tare. Ka kawo mini keken in duba tayar baya, don ita ke ɗaukar mafi yawan nauyinku, kuma wayoyinta ne ke fara tsinkewa. Ku riƙe faci da famfo da wayar birki doguwa, domin ba kowane mai gyara a hanya ke da irinta ba.

Tsohon direba, daga Madina ta Accra:

Ni abin da ke damuna shi ne hanyar kanta. Daga Mallam zuwa Kasoa cunkoson tirotiro, wato ƙananan bas na haya, da manyan motoci ba wurin koyon sabon keke ba ne, don haka ku fita da zarar an idar da sallar Asuba. Kada kuma ku zaci za ku riƙa kallon teku tun daga farko, domin babbar hanyar tana bi ta cikin ƙasa ne ta mahaɗar Winneba da Mankessim, sai bayan Saltpond, wajen Abandze da Biriwa, ruwa yake bayyana sosai. Iska a wannan gaɓa yawanci daga kudu maso yamma take kaɗawa, wato a fuska za ku same ta, kuma tana ƙara ƙarfi da rana ta ɗaga. Ku kauce wa watan Mayu da Yuni saboda ruwan sama. Watan Agusta ya fi sanyi da sauƙi. A ganina ku kwana a Winneba, kada ku haɗa tafiyar a yini ɗaya.

Malama, daga Mamobi:

Ƙanena, ka gaya wa abokan tafiyarku cewa wannan keke yana wuce saura a shimfiɗaɗɗiyar hanya da gangara, amma yana nauyi a hawa, don haka ku ajiye wuraren da ayari zai riƙa jiran juna. Ka kuma riƙa bayyana wa ƙanenka abin da kuke wucewa, kamar kwale-kwalen masunta a Anomabo, kada maganarku ta tsaya kan ramuka kaɗai.

Mai tambaya, daga Nima:

Na gode ƙwarai. Baba, zan kawo keken ranar Asabar in Allah ya yarda, kuma ni da shi za mu fara gwaji a cikin unguwa kafin mu sa ranar tafiya.