Baba ya daina fita, ina neman shawara

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina shekararsa 68, lafiyarsa ƙalau. Amma tun da ya bar mana rumfarsa a babbar kasuwa, daga tabarma sai masallacin ƙofar gida. Mutumin da yake lissafin sefa da naira a ka, yana ciniki da mutum biyu lokaci guda, yau in yana magana aka sako wata sai zancen ya kuɓuce masa. Abin yana damuna ƙwarai.

Malamar asibiti, Marwa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A fara kai shi likita, a duba har kunne, don raunin ji ma yana kawo haka. In komai lafiya, to tafiyar ƙasa. A 1999 Arthur Kramer na Jami'ar Illinois a Amurka ya gwada dattawa 124 masu shekara 60 zuwa 75 na tsawon wata 6, wasu suna tafiya, wasu miƙe gaɓoɓi kawai. Masu tafiyar ne suka ƙara saurin juya hankali daga wannan aiki zuwa wancan. Amma fa ba jan ƙafa ba. Ya taka har numfashi ya ɗan ɗaga, yana iya hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar.

Hajiya, Ngaundere: Ɗana, kada ka ce masa "motsa jiki", ba zai je ba. Dattijo ba ya son a ga yana yawo babu dalili. Ka nema masa dalilin: gaida aboki, duba jika, ko ka ce rumfa na bukatar idonsa. Da haka na shawo kan maigidana.

Tsohon direba: Gaskiyar Hajiya. Kuma bayan asuba kawai, zafin Garwa a Maris da Afrilu yakan wuce 40. Ya sha ruwa kafin ya fita, takalmi mai rufi, ban da silifas. Ni nakan sauya hanya, yau gefen Binuwai, gobe wajen Rumde Ajiya, ina tafe ina tuna lungunan.

Malamar asibiti: Ya fara da minti 10, Baba direba. Gwiwar da ta daɗe a zaune ba a yi mata gaggawa.

Ɗan Garwa: Allah ya saka da alheri. Gobe zan hana yara ɗaukarsa a babur, ni zan raka shi da ƙafa. Hajiya, in ya ƙi fa?

Hajiya: Tura masa jikan da ya fi so ya riƙo hannunsa.