In sa sola kafin in sayar da gidana, ko in bar shi haka?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina da gida a Rijiyar Zaki, ɗaki uku da falo, akwai bohol, takardu sun cika. An mayar da ni aiki Abuja, so nake in sayar bayan babbar sallah. Ƙanina ya dage wai in fara sa sola, inbata 5kva da batirin litiyam, in kuma canza silin don ɗakunan suna ɗaukar zafi, wai sai gidan ya fi kuɗi. An yi min lissafin miliyan huɗu da rabi. Wanda ya taɓa sayar da gida mai sola don Allah kuɗin yana dawowa? Kuma in mai saye ta banki zai biya, mai kimanta gida yana sa ta a lissafi?

Abu Maryam:
Wa alaikumus salam. Sola ai rahama ce, ni tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine janareta. Ka sa kawai, za ka ji daɗin barci.

Baban Khalifa:
Malam sayarwa fa zan yi, ba zama ba.

Mai Sola Sabon Gari:
Huɗu da rabi? An tsuga maka yallabai. Uku da ɗari biyu zan haɗa maka komai har waya.

Ɗan Dorayi:
Uku da ɗari biyu da wane batirin? Nawa wata biyu da suka wuce ya haura biyar kuma fanel takwas ne kawai.

Maman Ikram:
Ɗan'uwa ka saurare ni. Maigidana Allah ya jiƙansa ya kashe kuɗi sosai a gidanmu na Hotoro, fanel goma sha biyu, batir huɗu masu ruwa, har firiza muke kunnawa. Da ya rasu aka zo rabon gado sai da aka sayar, wanda ya zo kimantawa ya auna fili ya ƙirga ɗakuna ya duba takarda, da na nuna masa solar sai ya ce Hajiya wannan kamar firji ce, ana iya kwancewa a tafi da ita. Sisi bai ƙara ba. Shi kuma mai saye ya ce ai da ita ya gani ya taya, muka ƙi, muka kwance, ashe ƙusoshin sun huda kwano, damina na sauka ruwa ya lalata masa silin ya dawo yana ta rigima har gaban mai unguwa, ni da marayu muka biya gyara. Batiran kuma shekara uku sun gaji, a kilo aka saye su. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ummu Sadik:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya raya marayu. Amma me ya sa ba a rubuta tun farko da sola ko babu ba?

Maman Ikram:
Wa ya bari na yi magana? Ina takaba aka gama cinikin.

Sabeya:
Kimanta gida aikina ne. Muna duba nawa aka sayar da irin gidan a unguwar, girman fili, takarda, da lafiyar ginin. Silin mai kyau, manyan tagogi da iska ke ratsawa, rufi mai tsayi, duk suna cikin ginin kuma suna shiga. Sola a kan sa mata wani abu amma ba kuɗin da ka saya ba, don fanel yana wuce shekara ashirin, batiri kuwa shi ne mai tsadar kuma shi ke fara mutuwa. Sai dai in gidan haya ne kuma solar ta ɗaga kuɗin hayar, nan lissafi ya canza. Ka gyara silin ka bar sola.

Alhaji Dillali:
Ku na ofis takarda kuka sani. Mu da ke yawo da masu saye a rana mun san abin da ke faruwa, mutum ya shiga gida watan Afrilu ya ji fanka na juyawa unguwa babu wuta, wallahi ba ya son fita. Bai ƙara kuɗi ba amma ya fi saurin tafiya.

Sabeya:
To ai ka faɗa da bakinka Alhaji, bai ƙara ba.

Ɗan Dorayi:
Dillali dai la'adarsa yake hange 😂 Baban Khalifa ka sa solar ka ba ni gadin gidan kafin a samu mai saye.

Alhaji Dillali:
Yaro shekarata ashirin a harkar nan, lokacin kana firamare.

Abu Maryam:
Ni abin da ya fi sola ma, akwai mita a gidan? Tun da aka kai wa 'yan Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa ashirin a rana, kuɗin yunit ɗaya naira 225 a Afrilun 2024 kowa tambayar da yake fara yi kenan. Na sayi gida a Sharaɗa ashe akwai tsohon bashin wuta na kusan dubu ɗari shida a kansa, bil ɗin ƙiyasi aka yi ta tarawa alhali gidan a rufe yake, suka zo da tsani za su yanke ni.

Ummu Sadik:
Mu ma haka, mun sa mita amma duk katin da na saya sai an zabge wani abu wai tsohon bashi. Ka samu sun rage maka?

Baban Khalifa:
Akwai mita, ba bashi. To silin ɗin POP zan yi ko PVC?

Abu Maryam:
Ina fa suka rage Hajiya, sau huɗu ina kai takarda. Ke nawa suke cire miki a katin dubu goma?