Abin da masu walda suka ce kan adana waya a tirela

Da masu walda suka tattauna a Panteka, nan Kaduna, maganar naɗi ce ta fi ɗaukar lokaci. Dattawan sana'ar sun hana naɗe waya a gwiwar hannu: murɗewa take, jan ƙarfen ciki ya riƙa tsinkewa. Gara faffaɗan naɗi, a rataye a tsohon wilin mota da aka liƙa jikin tirela, domin siririn ƙarfe cin robar yake.

In za a yi aiki kuwa, a warware ta duka. Tana naɗe kamar gammo zafi take ɗauka, kuma a ganina nan aka fi sakaci.

Sai a nisanta ta da mai da salansar janareta, a rufe ta saboda rana da damina, a sa kwaɗo da dare don ɓarayin jan ƙarfe.