Neman kalmar Hausa: alamar matsa agogo a manhaja

Malamin kwamfuta, wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina lissafin lokaci a C, harshen rubuta manhaja, kuma na cije a kan tm_isdst, wato alamar da ke nuna ko an matsa agogo gaba, kamar yadda wasu ƙasashe suke yi a wani ɓangare na shekara. Lamba sama da sifili tana nufin an matsa agogo gaba, sifili yana nufin ba a matsa ba, lamba ƙasa da sifili kuwa tana barin mktime, wato dabarar C mai lissafa lokaci, ta gano da kanta. Yaran ba su taɓa ganin haka ba, domin agogon Najeriya yana gaban GMT da awa ɗaya duk shekara. Wane suna zan ba ta?

Mai fassara, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce "alamar agogon bazara", tunda kunnen mutane ya saba da "agogon GMT" da "agogon Najeriya da Nijar" a rediyo.

Tsohon malamin Hausa, Kazaure:
Ban yarda ba. Bazararmu tana ƙarewa da faɗuwar ruwa, alhali Ingila tana matsa agogonta daga Lahadin ƙarshe ta Maris har Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wato ta haɗiye damina baki ɗaya har gero ya nuna. Ni "tsimin haske" nake cewa, kuma ina roƙo a daina rubuta "awa" muna da "sa'a". Kwaikwayon Bature ya isa haka.

Mai fassara:
Allah ya gafarta Malam, ita ma "sa'a" daga Larabci muka aro ta. Kuma babu hasken da ake tsimi, hannun agogo kawai ake turawa.

Tsohon malami:
Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin kakanninmu ba ɗaya yake da na jiya ba, yaro. Ku masu boko kunyar harshenku kuke ji.

Malamin kwamfuta:
Baba, a yi haƙuri, ba kunya ba ce. Abin da nake so yaro ya gane shi ne, idan ya sa sifili a kwanan watan Yuli na Landan, ƙarfe 12 za ta iya dawo masa ƙarfe 1. Sunan da ya faɗi aikin nake nema, don haka na rubuta "alamar matsa agogo" a littafin darasi: an matsa, ba a matsa ba, a duba.

Tsohon malami:
Wannan bayani ne, ba suna ba ne. Ka koyar da shi ranar Litinin, amma ka rubuta "tsimin haske" a gefen allo, mu ga wanda yaran za su riƙe.