Taƙaitawar shawarwari kan intanet na al'umma a karkarar Kaduna

Ga abin da aka tattaro daga tattaunawar da aka yi kan tallafin da ƙungiyoyin duniya irin su Internet Society da APC (Association for Progressive Communications, ba jam'iyyar siyasa ba) ke bai wa ƙauyukan da ke kafa intanet nasu da kansu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa horar da matasan gari ya fi ba da kayan aiki muhimmanci, domin idan eriya ta lalace kuma babu mai gyara, aikin ya tsaya ke nan. An kafa hujja da gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wadda ta daɗe a wannan fage.

2. Wutar lantarki ce babbar matsala, saboda haka a sanya sola da batura cikin kasafi tun farko.

3. An rabu kan batun kuɗi. Wasu suna ganin a bar intanet ɗin kyauta, amma mafi yawa, kuma ina tare da su, sun ce a riƙa karɓar ɗan kuɗin wata, tunda tallafin waje yana da wa'adi, alhali kuɗin sayen data daga manyan kamfanoni ba ya yankewa.

4. A tuntuɓi hukumar NCC, mai kula da harkokin sadarwa ta ƙasa, kan lasisi kafin a kafa turke.