Neman kalmar Hausa: me za a kira "weathering" a fentin ƙananan tankokin yaƙi?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. A taimaka min, lokaci ya ƙure. Ranar Asabar zan koya wa yara 12 yadda ake yi wa ƙaramar tankar yaƙi ta roba fenti, irin wadda ake saya gunduwa-gunduwa a harhaɗa. Tawa T-55 ce ta kamfanin Tamiya na Japan, ma'aunin 1/35, wato gangar jikin tankar gaske da ta haura mita 6 ta koma kamar santimita 18. Takardar darasin duk na rubuta da Hausa, kalma ɗaya ta cije: "weathering". Shi ne aikin da ake yi bayan an gama fenti tsaf, a sa mata ƙura da laka da tsatsa da ƙarzuwa, har ta yi kamar ta dawo daga fagen daga. Gobe da yamma zan kai wa mai buga takarda.

Maman Ihsan: Tsufarwa. Ka tsufar da ita ke nan, ba sai an wahala ba.

Mai Feshi Panteka: Koɗarwa fa? Fenti ya koɗe, kai ka koɗar da shi. Ko tsatsarwa.

Baba Tsohon Soja: Tsatsarwa ba za ta yi ba, ɗana. Tankar da ke bakin aiki ba ta tsatsa haka, sai dai salansa da sarƙar ƙafa. Tankar Scorpion ma da muka sani a nan, sulkenta na aluminiyam ne, ina tsatsa za ta fito? Na ga yara suna zuba wa tanka jan fenti har ta koma kamar an tono ta daga juji. Direban da ya bar tankarsa haka, da ya kwana a gadirum.

Malamin Nahawu: Ku yi haƙuri, ba haka ake ƙirƙirar kalma ba. Tushen kalmar Turancin shi ne yanayi: rana, ruwa, iska. Yadda muka samu zamanantarwa daga zamani, haka za mu samu yanayintarwa daga yanayi. Na daɗe ina amfani da ita.

Mai Feshi Panteka: Allah gafarta Malam, kafin yaro ya gama furta ta fentin ya bushe.

Malamin Nahawu: Dariya ba hujja ba ce. Kuma tun da an zo nan, me ya sa kuke cewa fenti da burushi da tanka? Shafe muke da shi. Wannan Hausar Kaduna ta gauraye ita ke kashe mana harshe.

Maman Ihsan: To Malam, alƙalamin da kake rubutu da shi da sabulun da kake wanka da shi, daga wane ƙauyen Hausa suka fito? Kuma Hausar Kadunan da kake rainawa, da ita gidan rediyon tarayya na garin nan ya yi shekaru yana yi wa Arewa magana, har Nijar ana ji.

Malamin Nahawu: Aron Larabci daban, Hajiya, ya zauna tun ƙarnoni. Ni abin da na karanta ke nan.

Mai Feshi Panteka: Ni kuma shekara 20 ina riƙe da bindigar feshi. In ka zo garejinmu ka ce a yi wa motarka shafe, ƙasa za a kwaɓa maka.

Ɗan Tudun Wada: Don Allah a dawo kan hanya, gobe ce fa. Ga damuwata da yanayintarwa: rabin aikin ba ruwansa da yanayi. Inda takalmin soja ya goge fentin bakin ƙofa, inda baƙin mai ya ɗiga a kan injin, inda hayaƙi ya yi baƙi, duk aikin mutum da inji ne. Koɗarwa kuma launi kaɗai ta ɗauka, ta bar laka.

Baba Tsohon Soja: Tsufarwar ma da gyara. Tanka tana iya barin masana'anta wata biyu, ba ta tsufa ba, amma ta ji jiki. Mu haka muke cewa: wannan ta ji jiki.

Maman Ihsan: Baba ya gama magana. Fentin jin jiki.

Malamin Nahawu: Wannan karin magana ce ta tasha, ba kalmar ilimi ba. Ta yaya za ka ce "ka jin-jikinta ta"?

Ɗan Tudun Wada: Nan kam Malam yana da gaskiya, ba ta ba da aikatau. Bari in kawo ƙananan ayyukan da ke cikinsa, ko sunayensu za su fi sauƙi. Akwai wanda Turawa ke kira wanki, alhali datti yake sawa. Ana tsinka fentin mai, baƙi ko ruwan ƙasa, da tina har ya zama ruwa-ruwa, a taɓa bakin burushi a gefen noti ko tsagi, shi da kansa zai bi layin ya kwanta. Sai an fara fesa banish mai sheƙi a kan fentin ruwa, in ba haka ba ya yi dabbare-dabbare, kuma in fentin ƙasan ma na mai ne tinar za ta cinye shi.

Maman Ihsan: Ai wannan kwalli ne. Baƙi siriri a cikin tsagi don abu ya fito. Ka ce a sa mata kwalli, kuma ka gargaɗi yaran kada su rambaɗa.

Mai Feshi Panteka: Wallahi Hajiya kin ci. Aikin da ake yi da soso kuma a kira shi ɗayewa: a yagi ɗan soso, a dangwali fenti, a goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan a dinga dangwala wa kusurwoyi. In tankar Jamus ce, wadda suka koma yi wa rawaya mai duhu a 1943, launin ja-ja za ka sa, don shi ne shimfiɗar farko a ƙarƙashi. Taka kuwa mai koren fenti ce, ka sa ruwan ƙasa mai duhu, ka bi gefen ƙarfen da fensir ya ɗan yi ƙyalli.

Baba Tsohon Soja: Ƙurar kuma ka duba inda kake so a ce ta yi aiki. In hanyar Jaji ce da rani, ja-ja za ta zama, kuma ta fi taruwa a ƙasa da bayan tanka, ba a sama ba. Kankare allin zane mai launi ka shafa da busasshen burushi.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan buga: kan darasi "Tsufarwa", don ita ce ke ba da aikatau, a ƙarƙashi in rubuta "yadda ake sa tanka ta nuna ta ji jiki". Sai kwalli, ɗayewa, busasshen burushi, ƙura.

Baba Tsohon Soja: Ban gamsu da tsufarwa ba, amma buga. Ka turo hoton salansar in gani kafin Asabar.

Malamin Nahawu: Kwallin na karɓa, ya yi. Sauran kuwa, ni a takarduna yanayintarwa zan ci gaba da rubutawa.