Muhawara: Shin Latviya tana cikin ƙasashen da suka yi mulkin mallaka a Afirka?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu tattauna. A ganina, in ana lissafin ƙasashen Turai da ba su taɓa zaluntar Afirka ba, Latviya tana sahun gaba. Ƙasa ce ƙarama a bakin tekun Baltik, tsakanin Estoniya da Lituweniya, mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Jamusawa sun mulke su, Suwidin ta mulke su, Rasha ta mulke su, sai a ranar 18 ga Nuwamba 1918 suka kafa ƙasarsu. Duk da haka ku dubi abin da suka ba duniya. Telan da ya fara sa ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihun wandon jins, Jacob Davis, haifaffen Riga ne, babban birnin ƙasar. Mikhail Tal, wanda ya zama zakaran duniya a darar Turawa (chess) a 1960 yana ɗan shekara 23, shi ma ɗan Riga ne. Wannan ita ce ƙasar da ta yi suna ba tare da ta taɓa dukiyar kowa ba.

Abba: Wa alaikumus salam Yaya Nasiru. Ƙara da wasanni. Kristaps Porzingis ya ci kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Boston Celtics a 2024. Jelena Ostapenko ta cinye gasar tanis ta Faransa a 2017, ta doke Simona Halep a wasan ƙarshe, alhali ba wanda ya sa ta a lissafi. Kuma 'yan Arsenal na da za su tuna Igors Stepanovs, mai tsaron bayan da ya yi zamani da Kanu.

Hajiya Rabi: Malam Nasiru, na yarda da rabin maganarka, amma rabin farko akwai gyara. A 1651 jiragen ruwa daga Kurland suka shiga kogin Gambiya, suka gina ganuwa a wani ɗan tsibiri da suka kira St. Andrew, kimanin kilomita 30 daga bakin teku. Kurland kuwa ita ce yammacin Latviyar yau, yankin da su da kansu suke kira Kurzeme. Wannan tsibirin shi ne Ingilishi suka ƙwace a 1661 suka sa masa James, shi ne kuma gwamnatin Gambiya ta sake wa suna Kunta Kinteh a 2011. Ba a nan suka tsaya ba, a 1654 sun kafa mazauni a tsibirin Tobago a yankin Karibiyan. Har yau akwai gaɓar ruwa a can da ke ɗauke da sunan Kurland. To yaya za a ce ba su taɓa shigowa Afirka ba?

Nasiru: Hajiya, wannan tarihin gaskiya ne, amma ba Latviya ce ta yi ba. Babu wata ƙasa mai suna Latviya a 1651. Masarautar Kurland da Semigaliya ce, an kafa ta a 1561, kuma tana ƙarƙashin sarkin Poland da Lituweniya. Mai sarautar da ya aika jiragen, Jakob Kettler, Bajamushe ne, fadarsa da Jamusanci take magana. Ko Riga ma ba ta cikin masarautar, a lokacin tana hannun Suwidin tun 1621.

Malam Tanko: Bari in ƙarfafa maganar Nasiru, don nan ne zuciyar batun take. Ku tambayi kanku, ina 'yan asalin Latviya suke a lokacin da waɗannan jirage ke tashi daga tashar Ventspils ta Kurland? Suna gona. Bayin gona ne a hannun iyayengiji Jamusawa. Manomi ba shi da ikon barin ƙasar ubangidansa, in ya gudu a bi shi a dawo da shi, ɗansa ma a kan wannan ƙangi za a haife shi. Ba a soke wannan tsari a Kurland ba sai 1817, a sauran yankunan Latviya kuwa, Vidzeme 1819, Latgale sai 1861. Su suka sare itacen da aka ƙera jiragen, su suka dafa kwaltar da aka shafe su, amma ribar hauren giwa da zinariyar da aka kwaso daga Gambiya fada ta tafi. Ɗora wa jikokin wannan manomi laifin ubangidansa zalunci ne a kan zalunci.

Zainab: Baba Tanko, Allah ya ƙara girma, maganarka ta taɓa ni. Amma ina da tambaya ga Yaya Nasiru. Ka ce babu Latviya a 1651, shi ya sa ba za a lissafa mata Gambiya ba. To a 1831 da aka haifi Jacob Davis akwai Latviya? Riga tana cikin daular Rasha a lokacin. Shi Bayahude ne, ya bar garin yana saurayi ya tafi Amurka, a Reno ta jihar Nevada ya yi ɗinkinsa, kuma shi da Levi Strauss suka karɓi takardar mallakar fasahar a ranar 20 ga Mayu 1873 a Amurka. Da wane ma'auni ka saka wandon a asusun Latviya, ka cire tsibirin?

Abba: Gaskiya Anti Zainab ta kawo magana.

Nasiru: Bambancin shi ne, Davis mutum ɗaya ne da aka haifa a wani gari, garin kuma yana da haƙƙin ya yi alfahari da ɗansa. Mulkin mallaka kuwa aikin hukuma ne. Hukumar da ta yi shi ta rushe a 1795, Rasha ta haɗiye ta. Gwamnatin da ke Riga yau ba magajiyarta ba ce.

Hajiya Rabi: A nan ne ban yarda ba, Malam. Je ka dubi tambarin ƙasar Latviya. Akwai jan zaki a jiki, kuma wannan zakin daga tambarin masarautar Kurland aka ɗauko shi, yana wakiltar Kurzeme da Zemgale, wato Semigaliya. Garin Kuldiga, inda aka haifi Kettler a 1610, UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, kuma hujjar da aka gabatar ita ce garin ya adana kamannin zamanin masarautar. A Ventspils akwai jirgin yawon buɗe ido da ke ɗauke da sunan Kettler. A Tobago, 'yan Latviya mazauna ƙetare ne suka gina abin tunawa da mutanen Kurland a garin Plymouth cikin shekarun 1970. Ba wanda ya tilasta musu. Su suka ce wannan tarihin nasu ne, kuma da yawansu suna ba da labarin da jin daɗi, wai ga ƙaramar ƙasa da ta yi gogayya da Ingila da Holan a teku. A shari'ar gado da muka sani, ba a raba dukiya sai an biya bashin mamaci. Wanda ya karɓi zakin da jiragen da sunan, bai kamata ya ce tsibirin ba ruwansa ba.

Malam Tanko: Hajiya, kin san dalilin da ya sa suka rungumi labarin kuwa? Mutanen da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana gaya musu cewa su ba komai ba ne sai manoma, da suka sami 'yanci dole su nemi abin da za su nuna. Waɗanda suka gina abin tunawan na Tobago 'yan gudun hijira ne, ƙasarsu na hannun Tarayyar Sobiyet a lokacin. A ranar 14 ga Yuni 1941 hukumomin Sobiyet sun kwashe mutane sama da 15,000 daga Latviya a taragun dabbobi zuwa Saiberiya, a watan Maris 1949 aka sake kwashe sama da 42,000, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Mutumin da ya rasa gida yana neman duk inda sunan gidansa ya rage a doron ƙasa ya riƙe. Ni ina ganin kewar gida ce ta gina wannan dutsen, ba kwaɗayin mulkin wasu ba.

Hajiya Rabi: Ban musa wahalarsu ba, ranka ya daɗe. Na san ranar 23 ga Agusta 1989, lokacin da mutane kusan miliyan 2 suka riƙe hannun juna daga Tallinn ta Estoniya zuwa Riga zuwa Vilnius ta Lituweniya, tafiyar sama da kilomita 600, suna neman 'yanci ba tare da harsashi ko ɗaya ba. Ina girmama su a kan wannan. Amma shan wahala ba ya goge abin da ya faru a kogin Gambiya. Ana iya zaluntar mutum, kuma a ce ƙasarsa tana da tabo a wani wuri.

Usman: Ni tambayata daban ce. Shin abin da Kurland ta yi ma ya kai a kira shi mulkin mallaka? Mu abin da muka sani da wannan suna shi ne irin na 1903, lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato, aka tuɓe sarakuna aka naɗa wasu, aka ɗora haraji. Su mutanen Kettler haya suka karɓa. Sarkin Barra ya ba su wuri a Juffure, sarkin Kombo ya ba su inda Banjul take yau. Ba su mulki ko ƙauye ɗaya ba, kuma duka zaman nasu shekara 10 ne. Da Suwidin ta kama Kettler a 1658 ta tsare shi har 1660, komai ya watse. Holan ta karɓe Tobago, Ingila ta karɓe tsibirin. Wannan kasuwanci ne da ganuwa, ba mallaka ba.

Zainab: Malam Usman, ai duk haka aka fara. Mu ma kafin Lugard kamfani ne ya fara zuwa bakin Neja da takardun yarjejeniya da kayan ciniki. Ganuwar da Kurland ta gina ita ce Ingilishi suka gada, suka faɗaɗa, ta zama wurin tara bayi kafin a loda su a jirgi, kuma daga wannan tsibirin ikon Ingila a kan kogin Gambiya ya tsiro. Sannan ka duba taswira. Me ya sa mutum zai nemi sansani a Afirka ta Yamma da gonakin rake da taba a Karibiyan a lokaci guda, a tsakiyar ƙarni na 17? Kowa ya san wace hanya ce ta haɗa waɗannan wurare biyu a wancan zamani. Ƙarfi ne ya gaza musu.

Usman: A kan niyya na yarda da ke. Amma tarihi da abin da aka aikata ake hukunci. In muka sa Latviya layi ɗaya da Faransa da Beljiyam, mun rage nauyin abin da aka yi a Aljeriya da Kwango.

Zainab: Ba wanda ya ce layi ɗaya. Cewa muka yi kada a ce ba ta cikin littafin kwata-kwata, kamar yadda aka buɗe maganar.

Abba: Ni dai abin da na lura shi ne, wannan matsalar ta wane ne ɗan Latviya har cikin wasanni tana nan. Tal a Latviya mai 'yanci aka haife shi a 1936, amma da tutar Sobiyet ya doke Botvinnik ya karɓe kambun duniya. Uljana Semjonova, doguwar 'yar ƙwallon kwandon nan, zinariya biyu ta ci a gasar Olamfik ta 1976 da 1980, duka an rubuta wa Sobiyet. Shi ya sa nasarar da suka ci da tutarsu take musu daɗi daban. A 2003 sun fitar da Turkiyya suka je gasar ƙwallon ƙafa ta Turai ta 2004, suka riƙe Jamus canjaras babu ci. A watan Mayu 2023 da suka doke Amurka 4 da 3 suka ɗauki tagulla a gasar duniya ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara, majalisarsu cikin dare ta zauna ta ba da hutu washegari. Kuma Porzingis ɗan Liepaja ne, ɗaya daga cikin tashoshin jiragen ruwan Kurland ɗin da kuke magana.

Malam Tanko: Abba ka kawo abin da nake so a gane. In kana neman abin da yake na 'yan Latviya tsantsa, ba a fadar masu sarautar Kurland da ke Jelgava za ka same shi ba. Je ka dubi akwatin Krisjanis Barons, mai tattara waƙoƙin gargajiya, da ke ɗakin karatu na ƙasa a Riga. Akwati ne na katako mai aljihuna da yawa, cike da ƙananan takardu sama da 200,000, kowace ɗauke da gajeriyar waƙar gargajiya, galibi layi huɗu, da aka tattaro daga bakin manoma: ta shuka, ta aure, ta maraya, ta jana'iza. Tun 1873 suke taron waƙa na ƙasa, inda dubban mawaƙa ke tsayawa a dandali ɗaya su rera da murya ɗaya. Wannan shi ne gadon manomin. Jiragen na ubangida ne.

Hajiya Rabi: To Malam, ai ƙasar ta yau duka biyun ta ɗauka, akwatin da zakin. Da akwatin kaɗai ta ɗauka, da ban buɗe baki ba.

Nasiru: Har yanzu ina kan bakana cewa al'ummar Latviya ba ta mallaki kowa ba. Abin da masu sarautar Jamusawa suka yi da sunan ƙasar da suke zaune a kai, wannan wani babi ne.

Zainab: To in haka ne Yaya, sai mu daidaita ma'aunin. Ko dai a lissafa duk abin da ya fito daga wannan ƙasa, Davis da Tal da Kettler gaba ɗaya, ko kuma a lissafa abin da 'yan ƙabilar Latviya kaɗai suka yi, ka ga wandon jins ya fita daga jerinka na farko. Wanne ka zaɓa?

Nasiru: Na zaɓi na farko, amma da sharaɗin duk inda aka ambaci Gambiya a ambaci cewa manoman Kurzeme bayin gona ne a wannan shekarar ta 1651.

Hajiya Rabi: Wannan sharaɗin na karɓa. Ni kuma nawa sharaɗin, duk inda aka ambaci jiragen Kettler a ambaci Juffure da mutanen da ke bakin kogin.